Aikin Da Ke Cikin Murfi

Jama'a, ga tambaya: wanda ya kyautata aikin da ba mai dubawa, wauta ya yi ko hankali?

Kafin in shiga kwalejin horon malamai, na yi aiki a wani kantin kaset da faifai a Kano. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da rikoda, muna ce masa Likita. Yakan kara kunne jikin rediyo, ya tambaye shi inda ke masa ciwo. In ya liƙe waya da dalma, sai ya goge wurin tas. Na ce, "Baba, in an rufe wa zai gani?" Ya ce, "Ni na gani, Allah kuwa ya riga ni." Muka ce taɓuwa ce.

Ran nan wani manomi ya kawo rediyonsa. Maigida ya raɗa wa Likita ya ce ba ya gyaruwa, don a sayar masa da sabo. Likita ya buɗe, ya tarar waya ɗaya ce ta tsinke, ya liƙe, ya ƙi karɓar ko kwabo. Washegari aka sallame shi. Ina tsaye, ban ce uffan ba.

Yau ni ke duba littattafan yara da dare, ba mai duba ni. In kasala ta ce in sa hannu kurum, sai in tuna shi. Ashe amana cikin murfi take zaune. Shi ne mai lafiya, mu da muka yi dariya mu ne majinyata.

Allah ya jiƙansa, amin.