Dillali da Cinikin Gida: Ina Iyakar Kwalliya?

Da wuya a sayar da gida a garuruwanmu ba tare da dillali ba. Shi ya san mai son sayarwa, shi kuma ya san mai nema. Sana'a ce mai amfani, akwai kuwa 'yan'uwa cikin ekklesiya da su ke ciyar da iyalinsu da ita. Amma akwai tambaya wadda ya kamata mu yi wa kanmu: ina iyakar gyaran kaya, ina kuma mafarin ruɗi?

Bari mu fara da kwalliya. Dillali mai hankali ya kan ce wa mai gida, “Maigida, a share tsakar gida, a kwashe tarkace daga zaure, a gyara ƙofar da ta karye, a shafa fenti.” Babu laifi a nan ko kaɗan. Mai goro ma ya kan yayyafa wa goronsa ruwa. Zuciyar mai saye ta kan soma yanke shawara tun daga bakin ƙofa, gidan da aka share kuwa ya fi saurin samun mai tayi.

Amma ga wani irin gyara. Bango ya tsage tun daga tushe, sai a cike tsagar a bi ta da fenti. Rufi yana yoyo, sai a jira rani kafin a kawo mai saye. Gara ta ci katakon rufi, silin ya rufe ɓarnar, dillali kuwa ya yi shiru. Fentin ɗaya ne, amma aikinsa biyu ne. Na fari ya bayyana kyan da ke akwai, na biyu ya binne aibi.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke wannan ba. A shekara ta 1985 babbar kotun jihar Florida ta Amurka ta yanke wata shari'a da a ke kira ta Johnson da Davis. Masu saye sun ba da kafin alƙalami, sa'an nan aka yi ruwa mai ƙarfi, ya kwararo cikin gidan, alhali masu gida sun san halin rufin. Kotu ta ce tilas mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, idan aibin ya taɓa darajar gida, mai saye kuma ba zai iya ganinsa da kansa ba. Abin da kotu ta tilasta, mu ya kamata mu yi shi da yardar rai.

Sai batun kuɗi. Kuɗin da aka fara ambata yana da ƙarfi ƙwarai. A 1987 waɗansu malamai biyu, Northcraft da Neale, sun nuna wa dillalai gida ɗaya a garin Tucson, amma kowane rukuni aka rubuta masa farashi dabam. Waɗanda aka rubuta wa babban kuɗi suka kimanta gidan da tsada, sauran kuma da sauƙi. Idan gwanaye sun ja zuwa ga lambar da aka nuna musu, ina ga malamin makaranta wanda bai taɓa sayen gida ba? Saboda haka dillalin da ya zuga mai gida da kuɗin da ya wuce kima, domin a ba shi aikin, ya cuce shi. Gidan zai yi kwantai, mutane su soma cewa lalle akwai wani abu, daga baya a sallama shi da araha.

Akwai kuma jaraba ta gaggawa. Mu ce gida na naira miliyan 20, la'ada kashi 5 cikin 100, watau miliyan 1. Idan an yi haƙuri har aka sami miliyan 21, mai gida ya ƙaru da naira 950,000, dillali kuwa 50,000 kaɗai. Don haka sai ya ce, “Maigida, ka sallama, kasuwa ba kyau.” A 2008 Levitt da Syverson sun bincika cinikin gidaje a kewayen Chicago, suka tarar dillalai su kan bar nasu gida a kasuwa kamar kwana 9 ko 10 fiye da na mutane, su kuma sayar da shi da ƙarin kusan kashi 4 cikin 100. Haƙurin da mutum ya iya yi wa nasa, ya kamata ya yi wa na wanda ya amince da shi.

Wani zai ce, “Ai mai saye yana da ido, ba a cinikin biri a sama. In na faɗi kome, wani dillali zai cinye cinikin.” Gaskiya ne, wajib ne mai saye ya duba da kyau, ya tambayi maƙwabta da mai unguwa, ya bincika takardu, gama bisa ga Dokar Filaye ta 1978 a Nijeriya, sai da yardar gwamna a ke sauya hannun fili mai takardar shaidar mallaka. Gaskiya ne kuma, mai faɗin gaskiya ya kan rasa wani ciniki. Amma ido ba ya ganin bayan silin, ba ya kuma ganin magajin da bai yarda a sayar da gidan gado ba. Ilimin da dillali ya fi mu da shi, shi ne dalilin da ya sa mu ke biyansa la'ada. In ya juya wannan ilimi a kanmu, ya ci amana.

Littafin Misalai ya yi maganar ma'auni a sura 11 da 16 da 20. Dillali ba ya riƙe mudu, bakinsa shi ne ma'auninsa. Ga gwaji mai sauƙi, 'yan'uwa. Abin da mu ke faɗa wa mai gida, za mu iya faɗinsa a gaban mai saye? Kuɗin da aka biya, da shi mai gida ya sani? In damina ta sauka, za mu iya bi ta ƙofar gidan nan mu yi sallama ba kunya? Gida ba riga ba ne da za a sāke gobe. Sau da yawa gumin mutum ne na shekara 20 ko 30. Mu share, mu gyara, mu nemi kuɗi mai kyau, amma mu faɗi aibi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sunan kirki kuwa shi ne jarin da damina ba ta rushewa.