Tsakanin Kaka da Damina: Nasiha a kan Ɓoye Hatsi da Bashin Riba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda yake saukar da ruwa daga sama ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan karo a kan hatsi take, da yadda kuɗi suke juya shi a tsakaninmu. Kowa ya san al'adar kasuwanninmu, daga Maraɗi da Tasawa har Damagaram da Tawa. Da kaka hatsi yakan faɗi warwas, domin manomi yana da bashin da zai biya, ga tufafin iyali, ga suna ga aure, sai ya kai kasuwa a lokacin da kowa yake kaiwa. Idan bazara ta wuce, damina ta kama, rumbu ya ƙare, sai wannan manomin ya komo kasuwa ya sayi hatsin da ya noma da hannunsa a kan kuɗin da ya fi wanda ya karɓa nesa ba kusa ba. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ne wasu suke tara dukiya, wasu kuma suke rasa bisashensu da gonakinsu.

Ba mu manta da shekarar 2005 ba. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu yankuna. Amma abin lura shi ne, a mafi yawan manyan kasuwanni hatsi bai yanke ba. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya gagari talaka, domin buhu ya ninka kuɗinsa na kaka fiye da sau biyu, ga shi kuma ya yi tsada a arewacin Najeriya, inda aka saba samo ciko. Makiyayi ya sayar da dabbarsa da araha ya auni abin da bai kai ya kawo ba. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, jihar da ake ɗauka rumbun ƙasa. Ashe yunwa takan shiga gari ko da abinci yana cikinsa, idan kuɗi suka shiga tsakaninsa da bakin mabuƙaci.

To, mene ne hukuncin shari'a? Da farko mu sani Musulunci bai hana ciniki ba, bai hana cin riba ta halal ba, bai kuma hana tanadi ba. A cikin Suratu Yusuf Allah ya ba mu labarin yadda aka ajiye abincin shekara bakwai na wadata a cikin zangarniyarsa domin shekara bakwai na fari. Ya kuma tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Saboda haka manomin da ya adana abin da ya noma ba shi da laifi, haka wanda ya saya lokacin yalwa ba tare da ya ƙuntata wa kasuwa ba, haka falken da ya yi dakon hatsi daga wani gari ya kawo inda ake buƙata.

Abin da aka hana shi ne ihtikari, wato mutum ya kwashe abinci daga kasuwa ya kulle a mangaza, yana ganin jama'a cikin matsi, yana jiran tsada ta ƙaru. Imamu Muslim ya ruwaito hadisi daga Ma'amar ɗan Abdullahi wanda ya nuna mai wannan aiki mai saɓo ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ɗora hukuncin a kan cutarwa, har suka ce idan yunwa ta tsananta shugaba yana da ikon tilasta wa mai ajiya ya fitar da abin da ya wuce buƙatarsa ya sayar wa mutane.

Abu na biyu shi ne bashin damina, wanda ya fi ɓoyon hatsi yaɗuwa a karkara. Magidanci yana tsakiyar noma abinci ya ƙare, sai ya je wurin mai hali ya karɓi tiya goma da sharaɗin zai mayar da ashirin da kaka. Wannan riba ce tsagwaronta, wadda Allah ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, ya kuma yi wa mai cinta shelar yaƙi. Canza mata suna ba ya halatta ta. Illarta kuwa a bayyane take: wanda ya biya ninki da kaka, rumbunsa zai ƙare da wuri fiye da bara, sai ya koma cin wani bashin, har ranar da zai jinginar da gonar gado ya zama ɗan ƙwadago a cikinta, ko ya bar iyali ya tafi cin rani.

Shari'a ba ta rufe wannan ƙofa ba sai da ta buɗe wasu. Akwai rance mai kyau, ka ba da tiya goma ka karɓi goma, ladanka yana wurin Allah. Akwai cinikin salam, wanda Annabi ya tarar mutanen Madina suna yi ya kuma tsara shi: ɗan kasuwa ya biya kuɗi lakadan, ya karɓi hatsi da kaka, da sharaɗin a san ma'auni, a san irin hatsin, a san lokaci. Sai dai mai tsoron Allah ba zai dubi hawayen ɗan'uwansa ya yanka masa kuɗin wulaƙanci ba. Akwai kuma jingina, domin Annabi ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a ƙasarmu suka fara ajiye amfanin gona a mangaza mai kwaɗo biyu, su karɓi rance, su jira kasuwa ta gyaru. Dabarar tana da kyau, abin da ya rage shi ne masu hali daga cikin Musulmi su samar da rancen da babu kuɗin ruwa a cikinsa.

Don haka muna kira ga alhazanmu ƴan kasuwa su buɗe mangazu idan damina ta tsananta, su wadatu da riba madaidaiciya, su cika mudu, domin sura guda Allah ya saukar da sunan masu tauye awo. Muna kira ga manoma su rage almubazzarancin bukukuwan kaka, su ƙidaya bakunan gidansu kafin su kai dami kasuwa. Wanda amfaninsa ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, daidai da sa'i 300, ya fitar da kashi ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ko ɗaya cikin ashirin idan na ban ruwa ne da wahala. Duk wani bashi kuma a rubuta shi a gaban shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani ta yi umurni, wanda ya kasa biya a yi masa jinkiri. Limamai da kwamitocin masallatai su duba yiwuwar kafa rumbun jama'a, a zuba da kaka, a ranta wa mabuƙata da damina, awo da awo, ba ƙari.

Mu tuna, ya bayin Allah, za a tambayi kowa game da dukiyarsa, ta ina ya samo ta, a ina kuma ya kashe ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga riba da ɓoye abinci, ya yaye wa masu bashi bashinsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.