Baƙin Jiya, 'Yan Garin Yau

Karatu: Littafin Firistoci 19:33-34, Ibraniyawa 13:14

Ɗan'uwana mai karatu, ka taɓa riƙe tsohon hoton unguwarku? Wani dattijo a Unguwar Hausawa ta New Bell, cikin Duwala, ya buɗe akwatinsa ya nuna mini hotunan da suka yi ja don tsufa. Ga fatake da rawani, ga mahauta, ga ɗakunan katako, ga taɓon damina har idon sawu. A bayan wani hoto an rubuta da Faransanci cewa 'yan kasuwa Hausawa ne. Ba sunan kowa. Ga mai ɗaukar hoton, baƙi ne kawai.

New Bell ba tsohuwar unguwa ba ce. Jamusawa ne suka yanka ta, domin su kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su bar fili na kilomita 1 tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransawa kuwa baƙi suka cika wurin: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu, waɗansu don ciniki, waɗansu don aikin tashar jirgin ruwa da layin dogo.

To, wane ne ɗan gari? Jikokin mutanen cikin hoton nan ne yau suke da gidaje da rumfunan kasuwa. Idan yaro ya sauko daga Arewa Mai Nisa, ya gudo daga tashin hankali, yana neman ɗakin haya, wani cikinsu yakan ce, "Ba mu san asalinsa ba." Ya manta kakansa ma ba wanda ya san asalinsa, amma wani ya ba shi tabarma da ruwan sha.

Za ka ce, "Fasto, baƙo yakan zo da cuta." Gaskiya ne, hankali wajibi ne. Amma ɗan gida ma yakan cuce ka. Ka auna mutum da halinsa. Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo kamar kansu, dalilin da ya ba su kuwa shi ne zamansu na Masar. Yesu Almasihu kansa ya yi gudun hijira yana jariri. Bai kuma ce sai baƙon da yake zuwa majami'arku ba.

Wata rana jikanka zai riƙe hotonka, watakila bai san sunanka ba. Dukanmu masu wucewa ne. Akwai baƙo a layinku? Yau ka je ka tambayi sunansa.

Addu'a: Ya Uba, mun kasance baƙi, ka karɓe mu ta wurin Ɗanka. Ka buɗe zuciyata da ƙofata. Cikin sunan Yesu, Amin.