KADA MU BAR MAI JINYA SHI KAƊAI



A shekarar 1992 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe 11 ga Fabrairu, idin Uwargidanmu ta Lourdes, ta zama Ranar Marasa Lafiya ta Duniya. A wurinmu ranar takan faɗo cikin hunturu, sa'ad da ƙura ke rufe Gwandu da Kalgo, tari kuma ya yawaita a gidaje. Yawancin tarin nan yakan wuce da wucewar sanyi. Amma akwai wanda ba ya wucewa, a kansa muke so mu yi tunani tare.

Akwai cutar da likitoci ke kira tabon huhu. Huhun mutum, wanda Allah ya yi shi da taushi kamar soso, sai ya riƙa yin tabo yana ƙandarewa, har iska ta kasa ratsawa cikin jini yadda ya kamata. Mutum yakan fara da busasshen tari da haki in ya yi tafiya, daga baya ko wanka ya gagare shi. Wani lokaci ƙurar dutse ce sanadi, ko ƙurar hatsin da ya yi fumfuna, ko yawan zama cikin tantabaru da kaji. Sau da yawa kuwa ba a gano dalili. A ƙasar noma da casar shinkafa irin tamu, wannan ba labarin nesa ba ne.

Abu na fari, kada mu yanke hukunci da ido. Cutar takan yi kama da tarin fuka, don haka duk tarin da ya wuce mako 2 a kai shi asibiti a gwada majina, ko a babban asibitin Gwandu ko na jiha da ke Kalgo. Tarin fuka yana warkewa, maganinsa kuma kyauta ne. In ba shi ba ne, a nemi a tura mara lafiya Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Mu riƙe wannan kuma: tabon huhu ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta kwano, ko tabarma, ko musafaha. Wanda ya guji ɗan'uwansa saboda shi, ya ƙara masa ciwo ne a banza.

Gaskiya mai ɗaci ita ce, tabon ba ya gogewa. Akwai magunguna 2, pirfenidone da nintedanib, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2014. Suna rage saurin cutar amma ba sa warkar da ita, ga su da tsada. A nan ne da yawa cikinmu ke cewa, "Sai addu'a," mu naɗe hannu. 'Yan'uwa, addu'a wajibi ce, amma rashin waraka ba ƙarshen kulawa ba ne.

Wannan darasi ne Cicely Saunders ta koya wa duniya sa'ad da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa irinsa a Yuganda a 1993, da ruwan maganin mofin mai arha da ake sha a gida. Mofin kaɗan, bisa umarnin likita, yana sassauta haki. Kada lamirinmu ya dame mu a kansa: tun 1957 Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya bayyana cewa halal ne a rage wa mai mutuwa azaba, muddin ba nufin kashe shi aka yi ba.

Akwai kuma abin da hannunmu zai iya yau. A zaunar da mara lafiya ya ɗan sunkuya gaba, a yi masa fifita a fuska da mafici, gama iska a fuska tana rage jin shaƙewa. A nisanta shi da hayaƙin murhu da ƙurar shara. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In akwai tukunyar oksijin, kada a kusantar da wuta ko taba.

To, wa ke yin dukan wannan dare da rana? Yawanci mace ɗaya ce, matar aure ko 'ya, wadda ta bar kasuwa, ta bar barci, har Misa ta daina zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangijinmu ma ya yarda Saminu Bakurane ya taya shi ɗaukar gicciye. Mu kaɗan ne a garuruwan nan, da yawanmu kuma nesa da danginmu muke, saboda haka Ikilisiya ce dangi.

Muna roƙon Zumuntar Mata da matasa su tsara kwanaki, kowa ya karɓi mai jinya na sa'o'i kaɗan domin ta huta. Wani ya ɗebo ruwa, wani ya biya kuɗin mota zuwa asibiti. Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe dubiya da muhimmanci. Mu yi wa nasu kamar yadda suke yi wa namu. Katikis ya sanar da Fada da wuri, gama shafewar marasa lafiya ba ta mai shure-shuren mutuwa kaɗai ba ce. Gara ya karɓe ta, tare da Tarayya Mai Tsarki, yana cikin hankalinsa.

Allah da ya hura mana numfashin rai, ya riƙe waɗanda numfashi ke yi musu wuya, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya buɗe idanunmu mu gan su. Amin.