Laifin da Ba Shi da Gurbi

Kafin ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara ta wuce, wajibi ne duk jami'a ko kwalejin da ke cin gajiyar tallafin karatu na gwamnatin tarayya a Amurka ta fitar da rahoton tsaro. A cikinsa akwai jadawalin laifukan da aka kai ƙara a shekaru uku da suka gabata: kisa nawa, fyaɗe nawa, fashi nawa, fasa ɗaki nawa. Iyaye kan duba shi kafin su tura 'ya'yansu, 'yan jarida kuma kan jera na wannan makaranta kusa da na waccan. Mu da sana'armu ita ce gina manhajar da ake zuba irin waɗannan alƙaluma a ciki, idonmu kan fara sauka a kan sunayen gurabun kafin lambobin. Mun san cewa kafin a ƙirga komai, sai wani ya zauna ya yanke abin da ya cancanci ƙirgawa. To, wane hakki ne ke wuyan mai yanke wannan hukunci, kuma me ya rage wa wanda aka cuta amma cutarsa ba ta sami gurbi ba?

Dokar da ta wajabta wannan rahoto tana ɗauke da sunan wata yarinya. A watan Afrilun 1986, wani ɗalibi ya shiga ɗakin Jeanne Clery a Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania da niyyar sata, ya yi mata fyaɗe, sannan ya kashe ta. Shekarunta 19. Daga baya iyayenta suka gano cewa an yi laifukan ta'addi 38 a harabar makarantar cikin shekaru uku kafin rasuwarta, ba tare da an sanar da jama'a ba. Hujjarsu ba ta da sarƙaƙiya: da sun sani, da ba su kai ta can ba. Suka dage har majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 1990, aka kuma sa mata sunan Jeanne a 1998. Rashin sani ya fi dare duhu, dokar ta zo ne ta kunna fitila.

Sai dai fitila ba ta haska ko'ina. Dokar ta raba laifuka gida huɗu. Na farko shi ne manyan laifuka: kisa, laifukan cin zarafin jima'i, fashi, hari mai jikkatarwa, fasa gini, satar abin hawa da cinna wuta da gangan. Na biyu laifukan ƙiyayya, wato waɗanda aka aikata saboda launin fatar mutum, addininsa, jinsinsa, nakasarsa da makamantansu. Na uku, wanda aka ƙara a 2013, ya ƙunshi cin zarafi a cikin gida, cin zarafi tsakanin masoya da bibiyar mutum har ya shiga tsoro. Na huɗu kuwa kame da ladabtarwa ne a kan makami, ƙwaya da giya. Galibin ma'anonin an aro su ne daga tsarin ƙididdigar laifuka na hukumar FBI.

Mu fara da yi wa wannan tsari adalci. In babu ma'ana ɗaya da kowa ke bi, kowace makaranta za ta kira abu da sunan da ya yi mata daɗi. Wata za ta ce fyaɗe, wata ta ce rashin fahimta tsakanin ɗalibai. Ma'ana ƙayyadajjiya ce ke ƙwace alƙalami daga hannun mai son rufa wa kansa asiri. Dokar ta ma ƙara ɗaure shi: ƙara ake ƙirgawa, ko an kama wani ko ba a kama ba, ko kotu ta yanke hukunci ko ba ta yanke ba. Babu mai ikon cire ƙara daga lissafi da sunan ba ta da tushe sai jami'in ɗan sanda bayan cikakken bincike, kuma dole makaranta ta bayyana adadin waɗanda aka cire. Wannan kariya ce ta gaske, kuma duk sukar da za ta biyo baya ba ta rushe ta ba.

Amma kowane layi da aka ja, akwai wanda ya bari a waje. Mu ɗauki ɗalibai uku da aka sace wa kwamfutar tafi-da-gidanka a mako guda. Ta farko, wani da ba shi da izinin shiga ne ya kutsa ɗakinta ya ɗauke. Wannan fasa gini ne, ya shiga jadawali. Ta biyu ta bar tata a kan tebur a laburare, ta dawo ba ta gan ta ba. Wannan sata ce kawai, domin ɓarawon yana da izinin shiga wurin, kuma sata zalla ba ta cikin jadawalin shekara sai in ƙiyayya ce ta jawo ta. Ta uku abokiyar ɗakinta ce ta ɗauke, ita ma ba ta shiga ba. Asarar ɗaya ce, aikin kammala karatun da ke cikin kwamfutar ɗaya ne, kukan ɗaya ne. Jadawali ya ga mutum ɗaya. Sauran biyun sai dai a nemo su a kundin kullum na jami'an tsaron makaranta, wanda ba kowa ke buɗewa ba.

Irin wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu. Su ma sun sharɗanta cewa kafin sata ta kai ga haddi, sai an fitar da dukiyar daga ma'ajiyarta kuma ta kai nisabi. Amma mu lura da abu biyu. Sun ƙuntata ma'anar ne don kare wanda ake tuhuma daga hukunci mai tsanani. Sannan ba su ce abin da bai cika sharaɗi ba ya zama halal: akwai ta'aziri, akwai mayar da dukiya. Jadawalin makaranta kuwa ba ya hukunta kowa, aikinsa gargaɗi ne. Idan aka ƙuntata ma'ana a wurin gargaɗi, wanda ya amfana ita ce makarantar da lambarta ta ragu, wanda ya yi asara kuma shi ne ɗalibin da zai zo baɗi.

Layi na biyu na ƙasa ne. Ana ƙirga abin da ya faru a cikin haraba, da gidajen kwanan ɗalibai, da gine-ginen da makaranta ko ƙungiyar ɗalibai da ta amince da ita ke riƙe da su a waje, da filin jama'a da ke manne da haraba. Wannan na ƙarshen yakan ƙare ne a gefen titi na tsallaken hanya. Ɗalibar da aka yi wa fyaɗe a gidan haya mai zaman kansa, taku kaɗan bayan wannan iyaka, ba ta cikin lissafi, ko da wanda ya cuce ta ɗan ajinsu ne, ko da gobe za su haɗu a lacca. Akwai dalili: makaranta ba ta da iko da gari duka. Amma uban da ke karanta jadawali yana tambayar ko 'yarsa za ta zauna lafiya, jadawali kuma yana ba shi amsar abin da ya faru a kan filin makaranta. Tambayoyi biyu ne daban.

Layi na uku shi ya fi nauyi. A tsarin FBI akwai ƙa'idar fifiko: idan laifuka da yawa suka auku a lokaci guda, mafi muni kaɗai ake ƙirgawa. Mu da ke tsara rumbun bayanai mun gane hikimar, domin tana hana a ƙirga abu ɗaya sau uku. Yanzu mu auna ta da abin da ya sami Jeanne Clery kanta: an fasa ɗakinta, an yi mata fyaɗe, an kashe ta. Da za a bi ƙa'idar sau da ƙafa, jadawali zai nuna kisa ɗaya, gurbin fyaɗe kuma ya nuna sifili. Ƙa'idojin da aka fitar a 2014 sun fayyace cewa idan fyaɗe ya haɗu da kisa, dole a rubuta duka biyun. Gyaran ya yi kyau, ya kuma tabbatar da cewa mutane ne suka tsara gurabun, mutane kuma ke iya sauya su.

Tarihin ma'anar fyaɗe ma shaida ne. Tun shekarun 1920 har zuwa farkon 2013, babban tsarin ƙididdigar FBI ya taƙaita fyaɗe ga mace da aka tilasta wa da ƙarfi. Namijin da aka yi wa ba ya shiga wannan gurbi. Sabuwar ma'anar ta dogara ne ga rashin yarda, ba tare da duba jinsi ba. Haka nan gallaza wa sababbin shiga ƙungiyoyin ɗalibai, wadda ta sha cin rayuka, sai a ƙarshen 2024 aka yi dokar da ta ba ta gurbi a rahoton. Waɗanda aka cuta kafin waɗannan shekaru, an cuce su ne tun a lokacin. Sunan ne ya makara.

Daga nan sai mu zo kan sifili. Duk mai rubuta manhaja ya san bambancin gurbin da aka rubuta sifili da gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Na farko yana cewa an duba ba a samu ba, na biyu yana cewa ba a sani ba. Haɗa su wuri ɗaya kuskure ne da ake gargaɗin ɗalibi a kai tun shekarar farko. Ƙungiyar matan jami'a ta Amurka ta duba alƙaluman 2014 ta ga kashi 91 cikin ɗari na harabobin sun rubuta sifili a gurbin fyaɗe. Nawa ne daga ciki ke nufin lafiya, nawa ke nufin ɗalibai ba su yarda da ofishin da za su kai kuka ba? Jadawalin ba zai iya rabewa ba. Akasin haka ma na faruwa. Ana ƙirga laifi ne a shekarar da aka kai ƙara, don haka lokacin da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Jihar Ohio suka fara magana a 2018 kan likita Richard Strauss, wanda ya yi aiki can daga 1978 zuwa 1998 ya kuma mutu a 2005, alƙaluman makarantar sun yi tsalle da ɗaruruwa. Hatsarin ba a shekarar ya ƙaru ba, a shekarar ce bakuna suka buɗe.

Ga kuma tarkon da ke cikin tsarin: wanda ake aunawa shi ke riƙe da ma'auni. Makarantar da ta sauƙaƙa kai ƙara, lambarta za ta hau, ta yi kama da wuri mai hatsari. Wadda ta toshe kunne za ta fito fes. Shi ya sa ake cin tara. An ci Jami'ar Jihar Pennsylvania kusan dala miliyan 2.4 a 2016, Jami'ar Jihar Michigan dala miliyan 4.5 a 2019 bayan badaƙalar likita Larry Nassar, Jami'ar Liberty kuma dala miliyan 14 a 2024. Tara na iya tsorata mai ɓoye ƙara. Ba ta iya kama wanda ya cika kowane gurbi daidai da doka alhali ya san hoton da ya fito ba gaskiya ba ne.

Wani zai ce, to a ƙirga komai mana. Ba zai yiwu ba, kuma ba zai amfanar ba. Jadawali mai gurbi dubu ba ya karantuwa, kuma idan aka zuba satar biro da kisa a kwando ɗaya, an binne kisan. Rarrabewa dole ce. Abin da ba dole ba shi ne mu ɗauki iyakar jadawali a matsayin iyakar hakki.

Saboda haka muna ganin nauyin ya rabu uku. Mai tsara gurabe, ko ɗan majalisa ne ko mai manhaja, ya faɗi a fili abin da ya bari a waje, ya bar wurin da mutum zai rubuta labarinsa da kalmominsa idan jerin zaɓin bai ɗauke shi ba, ya kuma riƙa komawa ga ma'anonin yana tambayar wa suka manta. Jami'in da ke karɓar ƙara ya tuna cewa amsar "wannan ba ya cikin abin da muke ƙirgawa" bayani ne game da takarda. Yarinyar da ke tsaye gabansa tana buƙatar likita, canjin ɗaki da wanda zai saurare ta, ko a wane gefen titi abin ya faru. Mai karatu kuma, in ya ga sifili, ya tambayi yadda ake kai ƙara a makarantar, da wa ake kai wa, da abin da ke biyo baya. Amsoshin nan uku sun fi lambar da ke cikin gurbin gaya masa inda zai tura ɗansa.