Tagar da take dushewa, da haƙƙin maƙwabci

A shekarar 2020 aka buɗe wasu makewayai na jama'a a unguwar Shibuya ta birnin Tokyo, waɗanda mai zanen gini Shigeru Ban ya tsara. Bangonsu gilashi ne garai-garai. Mai wucewa yana hango ko wurin da tsabta, ko da wani a laɓe a ciki. Da zarar mutum ya shiga ya murza makulli, sai gilashin ya dushe, ba a ganin komai.

Abin da ke aikin wata leda ce siririya da ake mannawa a jikin gilashi ko a saka ta tsakanin falle biyu. Cikinta akwai ɗigo-ɗigon sinadari waɗanda suke jeruwa idan lantarki ya ratsa su, haske ya wuce kai tsaye. Idan aka yanke wutar, sai su watse, gilashin ya dushe. Ke nan in an ɗauke wuta, ɗakin rufewa yake yi, kuma wannan ya dace da yadda Musulunci yake kallon gida: asalinsa sutura ne, buɗe shi ne ke buƙatar dalili. Yanzu ofisoshi da asibitoci da otal-otal a ƙasashe da dama suna sa shi a madadin labule.

Akwai wani nau'in da yake yin duhu a hankali don tare zafin rana, irin na tagogin jirgin Boeing 787. Shi wannan ba ya suturta kowa da dare. Idan aka kunna fitila a ciki, na waje yana ganin mutanen gida sarai, su kuwa suna zaton a rufe suke. A cikin jirgin ma, ma'aikata suna iya dushe dukkan tagogin daga wuri guda, fasinja ya danna nasa maɓallin a banza.

A nan tambayar take: sutura ta wa ce, kuma a hannun wa maɓallinta yake?

Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ta kuma ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun azahar, da bayan sallar isha'i. Hadisin Sahlu bin Sa'ad a Bukhari ya nuna cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin tun farko. Malaman Malikiyya sun kai maganar har kan gini. Ibnur Rami, magini ɗan Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai a kan tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, kuma hukuncin shi ne a toshe ta. Hankali ya yarda da haka, domin labule yana hannun mai tagar, ranar da ya ga dama zai yaye.

Gilashin zamani labule ne mai maɓalli. Yana kare na ciki daga idon na waje, amma matar da ke shanya a tsakar gidanta, ƙarƙashin benen da aka gina jiya a bayan katangarta, ba ta da iko da shi ko kaɗan. Ba ta san lokacin da ya washe ba. A Kano da Kaduna, inda benaye ke tashi a tsakiyar gidajen ƙasa masu zaure, wannan damuwa ta riga gilashin zuwa. Mai benen da zai kafa hujja da cewa tagarsa tana dushewa bai sauke haƙƙin ba tukuna. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗaga tagar sama da tsayin mutum, ko ya juya ta wajen titi, ko ya sa gilashin da ba ya washewa ko an kawo wuta.