Gidan Kowa Da Akwai

'Yan'uwana mata, in masai ya cika a Badarawa, ruwa a jallo muke neman mai yashe shi. Amma ranar da ɗansa ya zo neman 'yarmu, sai mu ce ai ba shi da asali.

To ku ji: masana kan busar da wannan dagwalon, su gasa shi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe da zafin wajen digiri 500, ba a barin iska ta shiga. Tururin in ya huce ya zama mai, ragowar ta zama gawayi.

Ni dai a ganina, tunda ƙazantar ma tana da rana, ina dalilin raina wanda ya raba mu da ita? Mu toshe hanci, amma kada mu toshe masa ƙofa.